Littattafan Kawu Sun Koma Gida da Ƙafarsu

Ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na kira mutumin kirki ɓarawo a tsakiyar kasuwar PZ ta Zariya ba. Tun kafin in yi nisa bari in faɗa da bakina: ni ne marar gaskiya. Ba rabi da rabi ba ne, ba kuma "kowa da nasa laifin" ba. Ni kaɗai ne.

Sana'ata ɗaurin littattafai. Ina da ɗan shago a Samaru inda ɗalibai ke kawo takardun bincikensu in yi musu bango, in buga suna da ruwan zinariya. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma da yake kullum ana ganina tsakanin kwamfuta da injin fotokofi, sai dangi suka naɗa ni masanin duk wani abu da ake sa wa caji. Ni kuma ban taɓa musa musu ba. (Wa ke ƙin rawanin da aka naɗa masa a ɓagas?)

Sai wani hali nawa da ya kamata ku sani. A ɗakina akwai kanta guda cike da littattafai, kuma babu ko ɗaya da na saya. In ka ara mini littafi na ce maka "jibi zan dawo da shi," to ka yi masa addu'ar sauka lafiya kawai. A yadda muka taso, littafin aro kamar gishirin maƙwabta ne, ana cewa "a ara mini" ne don ladabi, amma babu mai jiran a mayar.

To, Kawu Ishaya, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta ne, yana zaune a Unguwar Gabas. Shekara huɗu ke nan rabonsa da karatu. An yi masa aikin yanar ido, yana ganin mutane, yana ganin kajinsa, amma ƙananan baƙaƙe sun zame masa tururuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane karatu ya koma sai an karanta masa takardar magani. Ba ya ƙorafi, amma in ka je gaishe shi za ka tarar da shi da littafi a cinya a rufe, yana shafa bangon.

Wata rana 'yarsa Saratu, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta kira ni.

"Yaya, akwai wata na'urar karanta littattafai, kamar ɗan allo take, ana ƙara wa rubutun girma yadda mutum yake so. Na yi magana da Obinna a PZ, yana da iri biyu. Don Allah ka je ka zaɓar wa Baba, kai ne ka san kan waɗannan abubuwan."

Na ce, "Saratu, ki kwantar da hankalinki. Kin kawo kuka gidan da ya dace." (Har zuwa wannan lokacin ban taɓa ganin irin na'urar da idona ba.)

Obinna mai gyaran waya ne. A Sabon Gari aka haife shi, ajinsu ɗaya da Saratu a firamare, kuma in yana zuba Hausa sai ka riƙa duba fuskarsa sau biyu. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Ya fito da na'urori biyu ya ajiye a kan gilashi, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka.

Ya ce, "Oga, wannan baƙar a ɗaure take da kantin kamfaninta. Duk littafin da ake so sai an saya, amma in an saya ya zauna. Wannan ruwan tokar kuma ana saye da ita, sannan tana shiga laburare. Saratu tana da katin laburaren garinsu, ta ba ni lambar. In na saka, Baba zai riƙa aro kyauta."

Na ce, "Kyauta?"

"Kyauta. Amma fa aro ne, Oga. Sati uku littafi zai koma."

Na yi dariya har na dafa gilashin. Na ce, "Zai koma? Wa zai zo karɓa? Bature ne zai hau jirgi ya sauka Kano, ya shiga motar Zariya, ya yi sallama a Unguwar Gabas ya ce a fito masa da littafinsa?"

"Ba mai zuwa. Shi da kansa yake komawa."

Na ɗauki wannan a matsayin irin maganar da masu ba da aro ke yi don tsorata mutum. Obinna ya ƙara da cewa Baba mutum ne mai karatu a hankali, mai son komawa baya ya maimaita shafi, don haka ko da an ɗauki ruwan tokar, a riƙa saya masa waɗanda ya fi so. Shawara ce mai kyau, amma ta bi ta kunnen dama ta fita ta hagu. Na ɗaga na'urorin ɗaya bayan ɗaya, na auna nauyinsu a tafin hannu, na ƙwanƙwasa bayansu da yatsa kamar mai zaɓen kankana, na gyaɗa kai. Sannan na yanke hukunci irin na masana: ruwan toka. A nan take, da intanet ɗin shagonsa, muka aro littattafai goma daga cikin sunayen da Kawu ya faɗa mini. Da an yarda da ɗari, da ɗari zan kwasa.

Abin da ya faru da na kai wa Kawu, shi kam ko yau na tuna sai na ji daɗi. Yana zaune a baranda ƙarƙashin gwaiba. Na kunna, na miƙa masa. Ya ce, "Tururuwa." Na ƙara girman rubutun. Ya ce, "Ƙudaje." Na ƙara. Ya ƙura wa allon ido. Na sake ƙarawa har kalma huɗu suka cika layi. Sai kawai na ji ya gyara murya, ya soma karatu da ƙarfi, da muryar nan tasa ta hedimasta da ke sa yaro ya miƙe tsaye ko bai yi laifi ba. Ya kai ƙarshen shafi bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matarsa, Mama Rifkatu, ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ni kuwa na riƙa zagaya tsakar gidan ina karɓar godiya kamar ni na ƙera abin da hannuna.

Daga nan Kawu ya sa mata suna allo. Kullum da yamma tsofaffin abokansa uku suna zuwa, ya karanta da Turanci ya fassara musu da Hausa. Littafin da ya kama su labarin waɗansu matafiya ne da jirgin ruwansu ya maƙale cikin ƙanƙara. Tsofaffin da ko firij ba su cika yarda da shi ba suka shiga gardama a kan yadda ake tsira a ƙasar da ruwa ke zama dutse.

Sati uku ya cika, littattafai suna nan. Sati biyar, suna nan. Wata biyu, ko ɗaya bai motsa ba. Gaskiyar maganar ita ce babu intanet a gidan Kawu, don haka allon bai sami labarin cewa wa'adi ya wuce ba. Amma ni ban san haka ba. Na riƙa zuwa teburin mai shayi a Samaru ina shelar cewa na yi wa Turawa wayo. Har na soma ba malaman jami'a shawara. Wani dakta ya tambaye ni wacce zai saya, na ce, "Ranka ya daɗe, wawa ne ke sayen littafi."

Sai wurin cajin allon ya lalace. Ranar Litinin na je na karɓa don in kai gyara. Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi sauri, ɗana. Saura babi uku, kuma na bar mutane a cikin ƙanƙara."

Talata da rana na koma shagon Obinna. Ya miƙo mini a leda ya ce ya canza wurin cajin, ya kuma jona ta da intanet ya sabunta mata manhaja. Na yi godiya na tafi. Sai da na shiga keken Napep, don in burge wata mata da ke kusa da ni, na fito da allon na kunna. Sunayen littattafan suna nan, amma duk sun dusashe. Na taɓa na ƙanƙara, bai buɗe ba. Na taɓa na biyu, na uku, har na goma. A ƙarƙashin kowanne akwai wani ɗan rubutu da Turanci. Ban tsaya karantawa ba. Me zan karanta, ni da na riga na gano komai? Na kai kaya cike, na karɓo wayam. Obinna ya sa waya ya zuƙe littattafan zuwa kwamfutarsa, kamar yadda ake zuƙe fetur daga tanki da tiyo.

Na ce wa mai keke ya tsaya. Da gudu na koma, tun daga bakin layi na soma ihu.

"Ɓarawo! Ka kwashe littattafan tsoho za ka sayar! Ɓarawo!"

Duk wanda ya san PZ ya san wannan kalma ba abar wasa ba ce. Kafin in rufe baki layin ya cika. Obinna ya fito da ƙaramin sukundireba a hannu, fuskarsa ta canza.

"Oga, wa'adinsu ne ya cika. Na gaya maka tun ranar..."

"Wata biyu suna zaune lafiya! Sai da suka kwana ɗaya a shagonka suka san da wa'adi?"

Jama'a suka ce, "Ƙwarai kuwa!" (Hujjar ta yi daɗin ji, ni kaina sai da ta burge ni.) Wata mata ta kutsa ta ce a ba ta wayarta ko ba a gyara ba, hotunan bikin 'yarta na ciki. Wani ma ya karɓi tasa. Sai ga ciyaman na masu shagunan layin, wani dattijo mai sayar da fanka. Dokarsu ita ce in an zargi ɗan layi da sata, a rufe shagonsa sai an zauna an saurari magana. A gabana aka sa wa shagon Obinna kwaɗo. Shi kuwa ya tsaya yana kallona.

Na koma gida kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Na ba matata Ladi labari tiryan-tiryan. Ta karɓi allon ta duba, ta ce, "Baban Alheri, ka karanta abin da aka rubuta a ƙasan nan kuwa?"

Na fizge na ce, "Ke dai kawo abinci. Maganar na'ura ce."

Laraba da hantsi aka zauna a shagon ciyaman. Dattawa kamar goma sha biyu, Hausawa da Ibo da Yarbawa, kowa a kan benci tsakanin fankoki. Na sa kaftanina na zuwa biki. Na miƙe na yi jawabi a kan amana, da tsufa, da hakkin makafi. (Kawu ba makaho ba ne, amma jawabin ya buƙaci haka.) Da na gama, ciyaman ya karɓi allon, ya miƙa wa wata Mama Bose mai sayar da caja, ya ce ta karanta wa jama'a ɗan rubutun nan.

Ta gyara tabarau ta karanta da Turanci, sannan ta fassara a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai yanka nama: "An mayar da wannan littafi laburare. Wa'adin aro ya cika. Kana so ka sake ara?"

Dattawan suka juyo gaba ɗaya suka zuba mini ido.

Ciyaman ya ce wa Obinna ya kunna intanet ɗin wayarsa. Sannan ciyaman da kansa ya sa babban yatsansa ya danna inda aka ce a sake ara. Kafin mutum ya yi atishawa littafin ƙanƙara ya buɗe, a daidai shafin da Kawu ya tsaya, da manyan baƙaƙensa.

Ciyaman ya dube ni ya ce, "To, Malam, wannan ɓarawon da ya dawo da kaya tun ba mu tambaye shi ba, a ina za mu kamo shi?"

Aka fashe da dariya. Wani tsoho mai gyaran rediyo ya ce, "Ashe ma kai ne ka riƙe kayan mutane wata biyu!" Ban gama haɗiye wannan ba, sai wata murya daga bakin ƙofa, wani da muka yi sakandare tare, ta ce, "Ai halinsa ne! Littafina na lissafi yana wurinsa tun muna aji uku!"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na karɓi allon na sulale ta bayan fankoki. Ko kallon inda Obinna yake ban yi ba.

An buɗe masa shago a ranar. Amma ihuna ɗaruruwan mutane suka ji, hukuncin kuwa mutum goma sha biyu. Na san haka sarai, na yi kamar ban sani ba. Na tura masa saƙo a waya: "A yi haƙuri da abin da ya faru." (Kamar ruwan sama ne ya faru.) Bai amsa ba. Na roƙi Ladi ta je ta gaishe shi a madadina, ta ce, "Da bakina aka yi ihun?" Kawu kuwa na kai masa allonsa na ce an gyara, ban ƙara ko kalma ba.

Ranar Lahadi a coci mahaifiyar Obinna ta tare Kawu ta gaya masa komai. Da yamma ya aika a kira ni. Na tarar da shi a baranda da abokansa uku, allon yana kan tebur an naɗe shi da ɗankwalin Mama Rifkatu. Na durƙusa na gaishe su. Babu wanda ya amsa da kyau.

Kawu ya ce, "Wa ya koya wa Obinna riƙe fensir?"

"Ku ne, Kawu."

"Tun Laraba ko mutum ɗaya bai kai masa gyara ba. Matarsa tana da tsohon ciki. Da sunana ka yi wannan, ka ce littattafan tsoho. To, saura mini babi ɗaya, kuma ba zan buɗe allon nan ba sai ka mayar wa yaron nan da sunansa a inda ka karɓe shi."

Ɗaya daga cikin abokan, Baba Danjuma, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ka ji ko? Mutane suna can cikin sanyi sun cinye karnukansu, kai kana nan kana jin kunya!"

Duk da haka sai da na ƙara kwana biyar ina juyi. Kullum da safe in ce yau, da rana in ce gobe. Baba Danjuma ya sami lambata, ya riƙa kira sau uku a yini, ba ya cewa komai sai, "Har yanzu suna ciki."

A kwanakin nan na fahimci abu biyu. Na farko, ashe a duniya akwai aron da ake mayarwa, kuma in mai aron ba shi da kunya, kayan suna da ita. Na biyu, ɗan rubutun da ke ƙasa ya fi babban bakin da ke sama sanin abin da ake ciki. In yau wani ya tambaye ni wacce zai saya, sai in ce in kana karatu da sauri ɗauki ta aro, in kana tauna littafi kamar Kawu ka saya ya zauna maka. Sannan in ce ya je ya tambayi Obinna, don ni ma daga bakinsa na ji.

Asabar da safe na aika wa Kawu cewa yau ne, da azahar kuma, lokacin da PZ ta fi cika, na je. Kawu ya riga ni isa, cikin kwat ɗinsa ta hedimasta, shi da abokansa a jere kan benci a ƙofar shagon Obinna. A bakin layin akwai mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota. Na roƙe shi ya ara mini makirfo. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ba kai ne mai littattafan nan ba? Aro? Sai dai in riƙe wayar a hannuna." Haka aka yi, ina tsaye a kan bencinsa ina magana yana riƙe da igiyar kamar mai kiwon akuya.

Bari in gaya muku yadda aka ƙare kafin in faɗi abin da na ce. Kafin la'asar matar nan mai hotunan biki ta dawo da wayarta, ta kawo ta ƙanwarta ma. Mutum uku suka yi odar allo irin na Kawu don iyayensu. Obinna ya fito ya kama hannuna yana dariya, idonsa ja, ya ce, "Oga, ya isa, sauko kafin bencin ya karye." A nan kan titi Kawu ya warware ɗankwali ya karanta babin ƙarshe, masu shago da masu saye suka kewaye shi, kuma da ya kai inda matafiyan suka hango jirgin ceto, layin gaba ɗaya ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo.

Amma kafin duk wannan, na hau bencin mai magani, na ce:

"Jama'ar PZ, ku dube ni da kyau. Ni ne na tsaya a nan ranar Talata ta makon jiya na kira Obinna ɓarawo. Ƙarya na yi masa. Bai ɗauki komai ba. Ya gaya mini gaskiya tun ranar farko, ni ne na ƙi ji, don ina jin kunyar a ce ban sani ba, alhali kuwa ban sani ba. Duk wanda ya kai labarin nan gida, don Allah ya kai wannan ma. Obinna, ɗan'uwana, na ɓata maka suna a gaban mutane, na hana ka cin abinci, kuma na yi kwana goma sha ɗaya ban zo ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ka yafe mini."